Karen gadina ya ɓata kwana uku, ta ina zan fara nema?

Wani bawan Allah daga Garwa ta ƙasar Kamaru ya aiko da tambaya. Ya ce yana kiwon raguna a bayan gidansa wajen Jambutu, kuma yana da kare namiji, ja mai farin ƙirji, ɗan shekara biyu, ana ce masa Barsu. Wata biyu ke nan da ya karɓo shi daga gidan yayansa a Pitowa. Daren da aka yi ruwan farko mai iska da tsawa, gari na wayewa ya tarar da guntun igiya a jikin turke, kare ba ya nan. Ya zaga unguwa a kan babur yana kira, shiru. Bai san ko an taɓa yi wa karen allurar rigakafi ba. Yana so ya ji ta ina zai fara, ko kuwa ya haƙura kawai.

Malam, Allah ya bayyana maka shi. Kwana uku ba su kai a haƙura ba. Yawancin aikina a kan shanu da tumaki yake, amma duk mai shiga garke da gidajen mutane shekara da shekaru ba ya rasa sha'ani da karnuka, kuma na ga wanda ya dawo bayan mako biyu, haƙarƙari a waje, amma da ransa.

Kafin maganar nema, akwai tambayar da nake so ka yi wa mutanen gidanka yau ɗin nan. A cikin kwana goma kafin ɓatan Barsu, ya ciji wani? Ya yakushi yaro har fata ta ɗaye? Ya lashi miki a ƙafar wani? Ka tambayi yaran da lallashi, domin yaro yakan ɓoye cizon kare saboda tsoron duka, balle in an sha hana shi wasa da shi. Abin da ya sa na fara da wannan shi ne, barin gida haka kawai yana cikin alamun ciwon haukan kare. Karen da ciwon ya kama yakan tsinke ɗauri ya kama hanya, ya yi tafiya mai nisa yana cizon duk abin da ya tare shi. Ban ce abin da ya sami naka ke nan ba, labarinka ma ya fi kama da na tsoro, zan zo kan haka. Sai dai ƙa'idar aikinmu ita ce, karen da ya ciji mutum a tsare shi a sa masa ido kwana goma, ma'aikatan dabbobi a nan ma sukan kai shi sha biyar. In ya wuce kwanakin nan lafiya lau, to a ranar da ya yi cizon babu ƙwayar cutar a yawunsa. Karen da ya ɓata kuwa, wa zai sa masa ido? Saboda haka in ya ciji wani kafin ya tafi, kada a jira dawowarsa. A kai mutumin asibiti yau, a gaya wa likita cewa karen ya ɓace kuma ba a san matsayin rigakafinsa ba. Cibiyar Pasteur, mai kula da irin wannan ciwo, tana da reshe a nan Garwa, ba sai an je Yawunde ba. In kuwa kowa ya ce babu abin da ya faru, kuma karen yana cin abincinsa yana wasansa har daren ruwan, to alhamdu lillahi, mu ci gaba.

Sai ka je ka ɗauki guntun igiyar nan ka dube shi da kyau. Igiyar da kare ya tauna, bakinta a tsattsage yake kamar tsintsiya. Wadda ya fizga ta tsinke, a wurin ƙulli take tsinkewa ko a inda rana ta riga ta cinye ta. Wadda aka sa wa wuƙa kuwa bakinta sumul yake. In ta ukun ka gani, to ragunanka ake nufi. Ɓarawon dabba kare yake fara kawarwa, ya bari a yi kwana biyu uku hankali ya koma kan neman kare, sannan ya dawo ya kwashe abin da ya kawo shi, kuma daren ruwa da iska shi ne darensa, don ba mai jin motsi. Ko da igiyar ta nuna tsinkewa ce, ka sa wani ya riƙa kwana kusa da garken har wannan magana ta warware.

Yanzu ga inda mutane suka fi yin kuskure. Kowa tambayarsa ita ce ina karen yake, alhali tambayar da ke kai mutum wurin ita ce me ya fitar da shi. Banza ba ta kai zomo kasuwa. Karen da tsoro ya kora, da wanda ya bi karya, da wanda ya nufi tsohon gidansa, da wanda hannun mutum ya ɗauka, kowanne wurin nemansa daban, lokacin nemansa daban.

Ni dai a labarinka tsoro na fi zargi. Ka duba: wata shida ko fiye ba a ji tsawa ba, kare ɗan shekara biyu damina biyu kaɗai ya gani, ga shi a gidan da bai gama sabawa da shi ba, a ɗaure, iska na buga kwanon rufi, kunnensa kuma ya fi namu ji nesa ba kusa ba. Irin wannan kare in ya kuɓuce ba ya duba gabas ko yamma. Gudu yake yi har numfashi ya ƙare masa, sannan ya faɗa ramin farko da ya samu: kwalbati, kangon gini, ƙarƙashin motar da ta daɗe a ajiye, tsakanin tarin bulo, duhuwar ƙaya a bakin rafi. Da rana ya lafe, da dare ya fito neman ruwa. Abin da masu karnuka ke kasa yarda da shi kuma shi ne, kare a wannan hali yana iya jin muryar maigidansa yana kiran sunansa ya yi shiru. Ba raini ba ne. Tsoro ya mayar da shi kamar naman daji, duk wani motsi mai ƙarfi abin gudu ne a wurinsa. Don haka zagayen da ka yi a kan babur kana ɗaga murya, ka yi haƙuri da ni, ya fi kusa da ƙara tura shi cikin rami fiye da fito da shi.

Na taɓa ganin haka a gidan wani mai shanu. Kwana tara suna neman karensu, har ƙauyuka biyu suka aika, ashe yana cikin wani bututun siminti da masu aikin hanya suka bari, bai kai tafiyar minti biyar daga ƙofar gidan ba. Yarinyar gidan ce ta gano shi, ita da ke zuba masa abinci, wata safiya da ta je zubar da toka ta ga idanu biyu a duhu.

Kuma akwai abin da ya sa nake so ka fara da kusa, ka fara da sauri. Ka ce guntun igiya ka tarar a turke, ke nan sauran yana wuyansa yana ja. Igiyar da kare ke ja a ƙasa takan sarƙe a shinge, a kututture, a wayar danga, ya yi ta zagaye har ta gajarce ya kasa motsi. A zafin Garwa na wannan lokaci, da ma'auni ke haura 40, karen da ya maƙale ba inuwa ba ruwa kwanakinsa kaɗan ne. Kare ba ya gumi a jiki irin namu, da haki yake fitar da zafi, hakin kuma ruwan jikinsa yake ƙonewa. Saboda haka aikin gobe da asuba shi ne ka bi da ƙafa, a hankali, duk abin da ke kewaye da gidanka, gida-gida, kango-kango, kana sunkuyawa kana leƙa ƙasa-ƙasa. Ka leƙa tsofaffin rijiyoyi, ramin salga da aka haƙa ba a rufe ba, ramukan da aka ɗebi ƙasar gini ruwa ya taru a ciki. Ka roƙi maƙwabta su bari ka duba da idonka, domin "ba mu gan shi ba" ma'anarta ba su gan shi yana yawo ba, ba wanda ya durƙusa ya leƙa bayan rumbunsa saboda karen wani.

Ka tafi kai kaɗai, ko da wanda karen ya fi sabawa da shi. Sau da yawa ba maigida ba ne wannan, yaron da ke ba shi ƙanzo ne. Ku riƙe kwanon abincinsa kuna ɗan ƙwanƙwasawa yadda aka saba yi in za a ba shi, ku yi taku kaɗan ku tsaya ku saurara. Sauraron ya fi kiran amfani. Da dare bayan isha'i ku sake fita da tocila mai ƙarfi, kuna haska ƙasa, domin idon kare yana mayar da haske, za ka hango shi yana ƙyalli daga cikin duhuwa tun ba ka ga jikinsa ba. Ku sa takalmi rufaffe, kada kuma a cusa hannu a rami. Farkon damina lokacin fitowar macizai ne, kwarin Binuwai kuwa an san shi da kububuwa.

A ƙofar gida kuma ka yi masa abin da zai jawo shi. Hancin kare shi ne idonsa. Ka fitar da buhun da yake kwanciya a kai, ka ɗora rigar da ka yini da ita ba a wanke ba, ka ajiye ruwa a kwano da ɗan abinci mai ƙamshi, busasshen kifi ko romo a kan tuwo. Sannan ka share ƙasar wurin, ka barbaɗa toka ko lallausan yashi kewaye da kwanon. Da safe sawu zai gaya maka wanda ya zo. Sawun kare yana nuna farata a gaban yatsu, na kyanwa ba ya nunawa, na akuya kuwa kowa ya san shi. In ka ga sawun kare daidai girman naka dare biyu a jere, to yana kusa, yana zuwa, tsoro ne bai sake shi ba. Kada ka canja wurin kwanon, kada ka yi masa kwanton ɓauna. Ka bar ƙofa a ɗan buɗe, ka zauna nesa kaɗan a dare na uku.

Maganar Pitowa kuma, tun yau ka kira yayanka. Wata biyu ba su isa su goge wa kare gidan da ya tashi a ciki ba, kuma karen da ya firgita, in hankalinsa ya fara dawowa, inda ya fi sani yake nufa. Kimanin kilomita 15 ne tsakanin Garwa da Pitowa, wannan ba komai ba ne ga ƙafar kare, sai dai ba lalle ya yi ta a dare ɗaya ba, yana iya kwana huɗu ko biyar yana laɓe-laɓe. Haɗarin yana kan babbar hanyar nan da manyan motoci ke bi zuwa Marwa da Kuseri har Njamena. Ka ce wa yayanka ya ajiye ruwa a inda karen ya saba kwanciya, ya gaya wa yaransa in sun gan shi kada su yi ihun murna su ruga kansa. Ran Lahadi, ranar kasuwar Pitowa, in bai bayyana ba, ka je da kanka ka zaga wajen mahauta da masu abinci.

In karya ya bi, wannan ya fi sauƙi. Karya tana shiga lokacin barbara kusan sau biyu a shekara, kowane karo mako biyu zuwa uku, ƙamshinta kuma yana tara mazan unguwa uku. Namijin da ba a fiɗiye ba yakan manta da gida da abinci, ya tare a ƙofar gidan da take, ya dawo bayan kwanaki da yagaggen kunne. Tambayar da za ta kai ka wurin ita ce: a wane layi ne karnuka suka hana mutane barci a 'yan kwanakin nan? Duk wanda abin ya dama zai nuna maka da yatsa.

Saura hannun mutum. Wani yakan ga lafiyayyen kare da igiya a wuya ya ɗaure a gidansa, ba da mugun nufi ba. Wani karen ya shiga masa kaji ko ya kori 'yar akuya, sai ya tsare shi yana jiran mai shi ya zo a yi lissafi. Kuma mu faɗi gaskiya, a yankin nan akwai masu cin naman kare kuma akwai masu kai musu, kare na da kuɗi a wasu kasuwanni. Wannan ba dalilin zargin wani maƙwabci ba ne saboda addininsa ko yarensa, na ga zaman lafiyar shekara ashirin ya lalace a kan zargin da daga baya ya zama ƙarya. Dalili ne dai na ka yi saurin baza labari, domin karen da unguwa duka ta san ana cigiyarsa yana da wuyar sayarwa. In ka sami labarin yana wani gida, kada ka je da fushi. Ka bi ta wurin jauro ko mai unguwa, in akwai ɓarnar da ya yi ka biya.

To a nan ne mu Hausawa muke cutar kanmu. In akuya ce ta ɓata, kafin azahar an yi cigiya a masallaci, an gaya wa mai shayi, an aika yara kasuwa. In kare ne, sai mutum ya riƙa zagaye shi kaɗai kamar mai neman abin kunya, kada a ce malam wane yana bin kare. Kunyar nan ita ke cinye kwanakin da suka fi muhimmanci. Ni ba malami ba ne, amma abin da muka taso muna ji a wurin malamanmu shi ne an yarda a riƙe kare don tsaron dabbobi da gona da farauta, kuma kowa ya san hadisin mutumin da aka gafarta masa saboda ya shayar da kare mai ƙishirwa. Dabbar da ka ɗaure da hannunka tana tsare maka dukiya, neman ta in ta ɓata ba abin ɓoyewa ba ne.

Kuma ba manyan unguwa za ka tambaya ba, su suna barci lokacin da kare ke yawo. Ka nemi waɗanda idonsu ke buɗe tsakanin tsakar dare da fitowar rana: masu gadi, masu shayi, mata masu tuyar ƙosai, ladanai, masu kwasar shara, mahautan da ke sammakon zuwa mayanka, masu lambu a bakin Binuwai, masu wankin mota. 'Yan moto, masu haya da babur, sun fi kowa, ba lungun da ba sa shiga, kuma suna da tashoshin da labari ke yaɗuwa a cikinsu. Yara ma sun san kowane kare a unguwa, amma ka ja musu kunne: wanda ya gani ya zo ya faɗa, shi ke da tukuici, wanda ya bi shi da gudu ko ya jefe shi ba shi da komai. In ba ka faɗi haka ba, za ka tara masa rundunar masu duwatsu. Kare dole ya sha ruwa kullum, don haka ka fi matsa tambaya a wajen famfuna, da kududdufan da ruwan nan ya bari, da juji, da bayan gidajen abinci.

Garwa ba da Hausa kaɗai ake magana ba. Saƙon da za ka tura a WhatsApp, ka sa a rubuta shi da Hausa da Fulatanci da Faransanci, ko ka yi shi da murya don waɗanda ba sa karatu. Da Fulatanci rawaandu ake ce wa kare, ka riƙe kalmar ko don tambayar makiyaya a hanya. In kana da hotonsa ka haɗa, in babu ka nemi na karen da ya yi kama da shi ka ce irin wannan ne. Bayanin ya zama gajere: launi, girma, igiya a wuya, ranar ɓata, unguwa, lambar waya, da gargaɗin kada a kama shi, a kira kawai. Gidajen rediyon garin nan suna karɓar sanarwar cigiya, kuma mutanen ƙauye har yanzu suna saurare. Ka ce akwai tukuici amma kada ka faɗi nawa. Ka kuma ɓoye alama ɗaya, tabo ko yankan kunne ko farin yatsa, wadda sai wanda karen ke gabansa zai iya faɗa. Za a kira ka a ce an gan shi a wani gari, ka turo kuɗin mota ta Orange Money ko MTN a kawo maka. Kada ka tura ko sisi. Ka ce a turo hoto, ko a faɗi abin da ke kunnensa na hagu.

Ranar da ka hango shi, a nan ake ɓata aikin mako guda cikin minti ɗaya. Zuciya za ta ce ka ruga ka kama shi. Kada ka yi. Ka tsaya, ka juya masa gefe, ka tsuguna ko ka zauna a ƙasa, kada ka zuba masa ido. Ka yi magana ƙasa-ƙasa yadda ka saba yi masa a gida, ka jefa ɗan abinci a tsakaninku, ka jefa wani kusa da kai. Yana iya ɗaukar rabin sa'a kafin iska ta kai masa ƙamshinka, in ta kai za ka ga jikinsa ya saki, wutsiya ta fara motsi. In ya juya ya tafi, bar shi, ka ajiye abinci da ruwa a wurin ka dawo gobe a daidai lokacin. Karen da aka kora daga maɓoyarsa sabon wuri yake nema, kai kuma ka koma farko.

Amma ka dube shi da idon basira kafin ka miƙa hannu. In ka ga muƙamuƙinsa na ƙasa a sake, yawu na dalala, haushinsa ya canja ya zama wata shaƙaƙƙiyar murya, yana tangaɗi ko ƙafafun baya na ja, yana cizon iska ko itace ko dutse, to ka ja da baya ka kira ma'aikatan dabbobi na MINEPIA, wato ma'aikatar gwamnati mai kula da kiwo. Mutane suna zaton mahaukacin kare sai mai bin mutane da cizo. Akwai nau'in da ke zuwa da sanyi, kare ya yi laushi, baki a buɗe kamar ƙashi ya maƙale masa a wuya, mai shi kuma don tausayi ya sa hannu zai ciro. Ta haka mutane da dama suka ɗauki cutar. Ko gawarsa ka tarar, kada a taɓa da hannu tsirara, kada a jefar a juji. A sanar da ma'aikatan, su suka san yadda ake ɗaukar kan a kai gwaji, ɗakin binciken dabbobi na ƙasa, LANAVET, yana nan Bokle kusa da mu.

In ya dawo lafiya kuwa, murna ta yi daidai, amma aiki bai ƙare ba. Ruwa kaɗan-kaɗan da farko, abinci ma haka, sau uku ko huɗu a rana, don cikin da ya kwana biyar ba komai in aka cika shi amai zai yi. Ka ɗaure shi a inuwa nesa da yara da ragunan, domin tumaki da shanu ma suna kamuwa da ciwon haukan kare in an cije su. Ka sa leda ko safar hannu ka bi jikinsa kana buɗa gashi: wuya, kunnuwa, cinyoyi, gindin wutsiya. Kaska za ka samu da yawa, a cire su, kuma in bayan mako ɗaya ko biyu ka ga ya daina ci, dasashinsa ya yi fari, ko fitsarinsa ya yi ja, zazzaɓin kaska ne, yana da magani in an yi sauri. Abin da ya fi damuna shi ne ka tarar da huda biyu ta haƙori, wato sawun cizon wani kare.

A nan akwai ruɗanin da nake so in warware, don har masu ilimi suna faɗawa ciki. Kwana goman nan da na ambata na karen da ya ciji mutum ne. Karen da aka ciza lissafinsa daban. Ƙwayar cutar tana bin jijiya a hankali zuwa ƙwaƙwalwa, tana iya ɗaukar makonni, tana iya ɗaukar watanni, kare yana cinsa yana wasansa ba alamar komai. Saboda haka Barsu ya yi kwana goma lafiya bayan dawowarsa ba ya nufin ya tsira. In yana da rigakafi mai aiki, likita zai ƙara masa wata allurar nan take a ci gaba da lura. In ba shi da ita kuma ga sawun cizon karen da ba a sani ba, magana ta yi nauyi: ko tsarewa ta gaske ta watanni, inda ba ya haɗuwa da mutum ko dabba, ko a kashe shi. Likitan da ya gan shi ne zai yanke, amma gara ka ji daga bakina tun yanzu. Wannan ne ya sa in ka kira yayanka, bayan maganar ajiye ruwa, ka tambaye shi ko akwai katin rigakafi, da kwanan watan allura ta ƙarshe.

Ba don in tsorata ka nake nanata wannan ba. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ƙiyasta mutum kusan 59,000 ke mutuwa da wannan ciwo duk shekara, mafi yawa a Afirka da Asiya, kusan dukansu ta cizon kare, kaso mai yawa kuma yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Da zarar alamu sun bayyana a jikin mutum, magani ya ƙare. Kafin su bayyana kuwa ana tare shi tsaf, tun 1885 da Louis Pasteur ya fara yi wa mutum allurar. Wanda kare ya ciza, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15 cur, a duba agogo, sannan a tafi asibiti. Gashin karen da ake ɗorawa a kan miki, da toka, da barkono, ba abin da suke yi sai ɓata lokaci. Maƙwabtanmu na Njamena sun gwada yi wa karnukan birni allura gaba ɗaya a 2012 da 2013, suka haura kashi 70 cikin ɗari, ciwon ya yi ƙasa ƙwarai a garin. Allurar kare ana fara ta daga wata uku, a riƙa sabuntawa duk shekara, kuɗinta kuma bai kama ƙafar na allurar mutum ɗaya da aka ciza ba.

In Allah ya dawo maka da shi, ka yi masa abin wuya na fata, a rubuta lambar wayarka a jiki da fenti ko a buga ta a ɗan ƙarfe. Akwai wata 'yar na'ura kamar ƙwayar shinkafa da ake sa wa karnuka a ƙarƙashin fata a ƙasashen Turai, amma ba ta nuna inda kare yake, sai an kama shi an kai wurin mai abin karanta ta, mai shayin Jambutu kuwa lambar waya zai iya karantawa. Ka yi shawara da likita kan fiɗiye shi, yana rage yawon bin karya kuma ba ya hana gadi, sai dai aikin tiyata ne, kada wani ya ce zai yi masa irin dandaƙar da ake yi wa bunsuru. Igiyar roba kuma ka bar ta, ka nemi sarƙa mai ɗan tsawo. Sannan ka gyara masa wurin fakewa mai bango uku da rufi, ba na kwano ba in da hali, inda zai shige in hadari ya taso, ko ka shigar da shi zaure a irin wannan dare. Ruwan farko ne kawai aka yi, tsawar bana tana gaba har watan Satumba.